Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan wa'adin 'yan kojes da maganar biyansu

Zuwa ga Daraktan ilimi na jihar Damagaram, da sufetocin makarantun firamare na birnin Zinder, da shugabannin tarayyar kwamitocin makarantu na gundumomi biyar na birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, Allah ya taya ku riƙon wannan nauyi.

Ni tela ne, shagona yana kusa da Kasuwar Dole, kuma na riƙe jakar kuɗin kwamitin makarantar unguwarmu shekara huɗu kafin in ajiye. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Wannan takarda ta fito ne daga zaman da muka yi ta yi bayan sallar isha'i, iyaye maza da mata daga Garin Malam, Kara-Kara, Zango, Sabon Gari da Birni. A cikinmu akwai waɗanda har yanzu 'yan kwamiti ne, akwai waɗanda suka taɓa yi, akwai kuma masu biyan kotizasiyo, wato kuɗin da iyaye ke haɗawa don makaranta, kowace shekara da ba su taɓa jin inda kuɗin ya shiga ba. Ni aka ɗora wa rubutun don na ɗan riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci. In an ga kuskure nawa ne, a yi haƙuri.

Abin da ya tayar da mu shi ne an sake komawa makaranta a watan Oktoba, an sake zagayawa karɓar kuɗi, amma a makarantunmu da dama ba a kira taron zaɓe ba. Fuskokin da muka sani bara da bara waccan su ne dai a kan kujeru.

Ranku ya daɗe, kun fi mu sanin tarihin wannan kwamitin kula da makaranta na COGES da muke kira kojes. Ya zo ne a farkon shekarun 2000, tare da shirin raya ilimi na shekara goma. Shirin nan na "makaranta don kowa" da Japanawa suka tallafa ya fara a Tawa a 2004, ya iso Damagaram, sannan a 2007 aka baza tsarin a duk faɗin ƙasa. A 2012 aka canza suna zuwa CGDES, ko da yake bakinmu bai bar kojes ba. Ginshiƙin tsarin guda ne: iyaye su zaɓi wakilansu da ƙuri'ar sirri. Na ga zaɓe na farko a makarantarmu da idona. An kafa zana a kusurwar fili, aka ajiye kwalin sabulu da aka tsaga wa baki, kowane ɗan takara da alamarsa saboda waɗanda ba su karatu. Mata suka yi layi har bakin ƙofa, goye da yara. Da aka zazzage kwalin aka ƙirga a gaban kowa, sai ga wani mai gyaran keke ya kayar da mutumin da duk manyan unguwa suke goyon baya. Ba wanda ya yi faɗa. A waccan shekarar kafin a gama girbi an tara kuɗin zana, kuma ban taɓa ganin taron iyaye ya cika kamar na lokacin ba.

Wannan kwalin sabulu shi muke nema a dawo mana da shi.

Kukanmu na farko tazarce ne. Mu mutanen Zinder ba baƙin wannan kalma ba ne, don a nan aka fara jin kiranta a 2008 wajen aza harsashin matatar mai, kuma kowa ya ga yadda ta kai ƙasar ga juyin mulki a Fabrairun 2010. Ba siyasa muka zo yi ba. Amma abin da muka ƙi a fadar shugaban ƙasa, ga shi muna zaune da shi a ƙarƙashin bishiyar makaranta. Akwai shugaban kwamitin da ya haura shekara goma a kan kujera. Ɗansa na ƙarshe da ya yi makarantar yanzu kabo-kabo yake tuƙawa, har ya yi aure. Shi kuma Alhaji yana nan, shi ke sa hannu, shi ke yanke nawa kowane yaro zai kawo, alhali ba ya da ko jika guda a cikin azuzuwan.

Idan aka tambaya sai a ce ai an sabunta shi. Bari in faɗa muku yadda ake sabuntawar. Ana kiran taro da hantsi ranar da kowa yake wajen nema. Mutum ashirin ko talatin su zo. Wani ya miƙe ya ce, "Jama'a, Alhaji ya yi mana ƙoƙari, akwai mai ja?" Alhaji yana zaune a kujerar roba yana jan tasbaha, yana kallon kowa. Mutumin nan shi ya ranta maka tiya biyar ta gero da damina, shi ya ba da ragon sunan ɗan maƙwabcinka, wataƙila ma surukin yayanka ne. Wa zai ɗaga hannu? Sai a tafa, a shafa fatiha, a rubuta a takarda cewa an yi zaɓe. Wanda ya kawo ƙuri'ar sirri ya san halinmu na kunya da kara, shi ya sa ya kafa zana. Da aka cire zanar, abin da ya rage tafi ne kawai.

Illar ba a kan Alhaji take faɗawa ba. Iyaye suna daina zuwa taro, don sun san an gama magana kafin su iso. Wanda ya daina zuwa taro yana daina biya. Kuɗi ba su taru ba, ba a sayi zana da itace da wuri ba, sai yaran CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, su yi makonni suna zuwa suna komawa gida don ba ajin da za su zauna. Da ma azuzuwan zana sai an yi girbi an samu kara ake kafa su, ga kuma wannan jinkiri a kai. Yaron da ya rasa Oktoba da rabin Nuwamba a shekararsa ta farko, da wuya ya cim ma sa'o'insa a karatu. Yarinya kuwa in ta saba da zaman gida, farantin talla ke jiranta.

Kuma kujerar nan ba ta ado ba ce. Mun ji abin da ya faru a Yamai a Afrilun 2021, da Maraɗi a Nuwamban wannan shekarar, inda gobara ta cinye azuzuwan zana da yara aƙalla 20 a kowane wuri, sannan nan Zinder a Fabrairun 2023 muka rasa yara uku. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba. Amma a makarantunmu, wa ke duba tazarar da ke tsakanin rumfa da rumfa? Wa ke cewa a yi ƙofa biyu maimakon ɗaya, a nisanta murhun mai tuya, a ajiye randar ruwa da tarin yashi kusa? Kwamiti ne tare da darakta. Mutumin da ɗansa ke zaune cikin rumfar, da wanda rabonsa da leƙa aji shekara biyar, ba za su kalli waɗannan abubuwa da ido ɗaya ba.

Kuka na biyu shi ne wanda muka fi daɗewa muna gardama a kansa, maganar biya. A nan zan ɗan daɗe, don a ganina nan ne tushen tazarcen yake.

Aikin kojes aikin sa kai ne, ba albashi. Haka aka ce mana, haka muka karɓa. Sai dai "ba albashi" ba ya nufin "ba asara". Shekara huɗun da na yi, na san abin da ya fita daga aljihuna. Kuɗin kabo-kabo zuwa ofishin sufeto da dawowa, wani lokaci sau biyu don wanda za ka gani ya fita. Kuɗin waya na kiran iyaye. Kuɗin buga takardun tsarin aiki na shekara. Yini guda a kasuwa ana cinikin zana da igiya, da neman amalanken da zai kai su. Akwai shekarar da aka kawo littattafai ana saura kwana shida sallah, aka ce sai shugaba da ma'aji sun tsaya an ƙirga an sa hannu. Duk wanda ya san tela ya san mene ne kwana shida kafin sallah. Na rufe shago, na dawo na tarar da mai shadda a tsaye yana huci, ya kwashe kayansa ya kai wa wani, har yau bai dawo ba.

Nawa ma da sauƙi. Wakiliyar iyaye mata ta makarantarmu ƙosai take tuyawa da safe. Ita ce mai bin gida gida idan yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, ita ke zama da uwa tana lallashi, ita ke shan baƙar magana idan ta taɓo zancen aurar da 'yar CM1, wato aji biyar. Da bazara, in famfo ya ƙafe kamar yadda ya saba mana a Zinder, ita ke neman mai ga-ruwa don yara su sami na sha. Duk safiyar da ta yi wannan, kaskonta a kife yake. Ta yi shekara biyu ta ce ta gaji, kuma ba wanda ya ga laifinta.

To ku duba, ranku ya daɗe, su wa za su iya jure wannan? Mutum iri biyu ne. Akwai mai hali, wanda asarar jika biyar ba ta hana shi barci, kuma shi ne wanda ba a iya cewa ya sauka, don kowa yana jin nauyinsa. Akwai kuma wanda ya gano hanyar biyan kansa. Zanar da aka saya dala 100 a rubuta dala 150. Kuɗin shayin ma'aikata da ba wanda ya ga shayin. Sannan uwa uba kuɗin zama, idan wata ƙungiya ta kira horo na kwana uku da abinci da ɗan abin sawa a aljihu, fuska uku ɗin nan dai su ne za su je, shekara da shekaru, su dawo ba su koya wa kowa komai ba. Idan kuma tallafin kuɗi ya shigo hannun kwamiti daga gwamnati ko abokan hulɗa, nan ne za ka ga kujerar da aka ce wahala ce ta zama ba a son rabuwa da ita. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba zan tsarkake kaina ba. Wata rana na dawo daga zirga-zirgar makaranta ba ko sisi a aljihuna, cefane yana jira, na ɗauki jika ɗaya da rabi a jakar kwamiti, na ce ai kuɗin hanyata ne. Gaskiya ne na kashe fiye da haka. Amma ban rubuta ba, don ba layin da zan rubuta shi a kai, ba wanda ya amince da shi a taro. Na mayar bayan mako biyu, ba wanda ya sani sai yau. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda abin ya zo mini da sauƙi, da yadda zuciyata ta kawo mini hujja nan take. Daga nan na gane yawancin waɗanda muke zargi ba da niyyar sata suka fara ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da ya sa talaka aiki, ya hana shi faɗin abin da ya kashe, shi ya buɗe wannan ƙofa.

A zamanmu wasu sun ce to a yanka wa 'yan kwamiti albashi kawai a huta. Mun yi dare uku a kan wannan, har wani dattijo ya yi fushi ya tafi. Daga ƙarshe yawancinmu muka ƙi. Malamai 'yan kwantaragi da ke tsaye gaban allo kullum, mun sha ganin su suna jiran ɗan abin da ake ba su, to ta ina za a fara biyan iyaye? Idan kuma daga kotizasiyo za a cire, kuɗin alli da zana ne za su koma aljihun manya. Babban abin tsoron shi ne ranar da aka ce kujerar kojes tana da albashi, ranar za a fara kamfe da goro da atamfa, mai gyaran keken nan ba zai ƙara cin zaɓe ba har abada. Ba albashi muke nema ba. Muna neman a mayar wa mutum abin da ya kashe, a fili, da sanin kowa.

Kuka na uku gajere ne. Lissafi ba ya isowa kunnen masu kuɗin. Littafin kuɗi da Faransanci yake, sau da yawa a aljihun teburin darakta, mai binciken kuɗin da aka zaɓa kuwa wani lokaci bai iya karanta abin da yake dangwala wa hannu ba. A taro sai a karanto jimla biyu da sauri, abin da ya shigo da abin da ya fita, a ce saura kaza. Tun watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Muna ganin littafin kuɗin makarantar unguwa wuri ne mai kyau da za a fara ganin amfanin hakan.

Mun san abin da za a ce mana, don an riga an faɗa mana. Za a ce a ƙauyukan Tanut ko Gure ko Dungas, wani wuri mutum ɗaya ko biyu ne suka iya rubutu, in an sauke su wa zai riƙe? Za a ce gogewa ba a sayenta a kasuwa. Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai shugabannin da suka daɗe don ba wanda ya yarda ya karɓa, ba don kwaɗayi ba. Na san wani da ya roƙi a sauke shi sau uku ana ƙi. Amma in shekara goma ta wuce ba a samu ko mutum ɗaya da ya koyi aikin ba, wannan ma shaida ce a kan tsarin. Ba a koyon iyo a tudu. Wanda ya sauka ba korarsa aka yi daga unguwa ba, yana nan, a tambaye shi.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A tsayar da wa'adi a sarari, a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar kowace makaranta tare da ranar da aka zaɓi kwamitin da ranar da zai sauka. Shawararmu shekara uku, a iya sabuntawa sau ɗaya. Shekara shida ke nan, daidai tafiyar yaro daga CI zuwa CM2. Wanda ya cika shida ya huta zagaye ɗaya, in jama'a na son sa ya dawo daga baya. Kuma kada wanda ba ya da ɗa ko ɗan riƙo a makarantar ya riƙe shugabanci ko jakar kuɗi. Wannan ƙa'ida ta hau kan shugabannin tarayya na gundumomi ma, don in sama ba ta motsa ba ƙasa ba za ta motsa ba.

A hana sabuntawa da tafi. Kowane zaɓe ya kasance na sirri, ko da ɗan takara ɗaya ne, a ba mutane damar jefa "a'a". A sanar da ranar mako biyu kafin lokaci, a masallatai da gidajen rediyo da bakin mai shela, a sa shi da la'asar ko ranar da ba aiki, yadda mata za su samu fitowa. Wakilin sufeto ko na tarayya ya halarta, kuma kada a karɓi takardar zaɓen da ba ta nuna yawan ƙuri'un da kowa ya samu ba. Zai yi kyau a raba lokacin saukar shugaba da na ma'aji, kada su tafi tare a bar sababbi cikin duhu.

A buɗe layi a cikin tsarin aiki na shekara mai suna kuɗin hanya. Babban taron iyaye ya yanke nawa ne tafiya zuwa ofishin sufeto, nawa ne yinin kasuwa, nawa ne kuɗin waya a wata, a sa masa iyaka, mu a ganinmu kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara. Duk wanda ya karɓa ya sa hannu, a karanto sunansa da abin da ya karɓa a taro. Wakiliyar iyaye mata ta shiga ciki, ita da ta fi kowa yawo. Horon da ƙungiyoyi ke kira kuma a riƙa zuwa bi da bi, wanda ya je ya dawo ya faɗa wa taro abin da ya koyo da abin da aka ba shi.

A karanta lissafi dalla-dalla da harshen da mutanen wurin suke ji, Hausa ko Barbarci ko Fillanci ko Buzanci ko Tubanci, a kowane zangon karatu, a rubuta shi a allo a bar shi mako guda.

Akwai kuma wata 'yar magana da ba ta cikin takardun ofis, amma mu mun san nauyinta. Da yawa daga cikin dattawan nan ba kuɗi ne ya riƙe su ba, kunyar a ce an tsige su ce. A wajenmu wanda ya sauka daga kujera sai a fara raɗa, me ya yi? Ku taimaka a yi musu hanyar sauka da mutunci. Takardar yabo mai hatimin hukuma, a miƙa ta a gaban jama'a da mai unguwa ko wakilin fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, a yi musu addu'a, a naɗa su masu ba da shawara. Kuɗin wannan bai kai na buhun siminti ba, kuma na tabbata akwai waɗanda in sun ga haka da kansu za su miƙo makullin.

Tun da aka rusa majalisun gari da na jihohi a Afrilun 2024, kwamitin makaranta yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda mai tuya da mai tura amalanke za su jefa ƙuri'a a kan abin da ya shafi 'ya'yansu kai tsaye. Shi ya sa muke roƙon ku fitar da takardar umarni tun kafin hutun ƙarshen zangon farko, a lissafa makarantun da kwamitinsu ya wuce shekara shida ba a yi zaɓen sirri ba, a sa musu rana. In kuna son ji daga bakinmu, a shirye muke mu zo, maza da mata, da littattafan kuɗin da muka riƙe, har da nawa.

Allah ya ƙara girma. Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon ma'ajin kwamitin wata makarantar firamare, a madadin iyayen yara na unguwannin Garin Malam, Kara-Kara, Zango, Sabon Gari da Birni, Zinder.